Raket ɗin Yaya

Shekaranjiya na tsaya wajen mai faci a hanyar kasuwa, sai ƙaurin robar da ta sha rana ya bugi hancina. Ban san lokacin da na zauna a kan bencinsa ba. Irin ƙaurin ƙwallayen tanis ɗinmu ne, waɗanda muke shanyawa a kan kwanon ɗakin Kaka. Sun tsufa, gashinsu ya kaɗe, ba sa tashi sai sun sha zafin azahar. Kullum kafin mu tafi fili sai na hau katanga na kwaso su, suna ƙona mini tafin hannu.

Ni nake hawa domin ni ne ƙarami. Mu biyu Kaka ta riƙa a gidanmu na Garwa, ni da ɗan baffana da nake kira Yaya. Bai girme ni da wani abin kirki ba, amma Kaka ba ta wasa da wannan 'yar tazarar. Kwano ɗaya muke ci, ba na taɓa nama sai ya ɗauka. In an kawo riguna biyu, shi ke fara zaɓa. In muna tafiya, yana gaba ina baya. Ban taɓa jin haushi ba, haka na buɗe ido na tarar.

Da muka shiga lise, wato sakandare, malamin wasanni ya sa mu cikin 'yan tanis na makaranta. Dogon mutum ne daga wajen Poli, in ransa ya ɓaci sai ya haɗa Faransanci da Fillanci ya zuba mana. Filin na siminti ne, duk ya tsattsage, ragar kuwa ƙulle-ƙulle ne suka riƙe ta. Raket biyu gare mu. Ɗaya sabuwa fil, kawunmu direban tirela ya kawo daga Duwala. Ɗayar ta makaranta ce, kanta ya karkace, da zarenta ya tsinke wani masunci a bakin kogin Binuwai ya saƙa mana ita da zaren kamun kifi. Ba sai na gaya maka wadda Yaya ya ɗauka ba. Gefen filin da darbejiya ke yi wa inuwa ma nasa ne, ni kuma in fuskanci rana.

Wanda bai yi bazara a Garwa ba ba zai gane gajiyar da nake nufi ba. Siminti na dafa ƙafa ta cikin takalmi, gumi na shiga ido, ga shi duk ƙwallon da ta tsallake katanga ni ke bin ta. In mun dawo sai in zube a tabarmar Kaka, ta ɗauko man kaɗe tana murza mini ƙwauri tana tsiya.

"Wannan miji nawa ragon banza ne. Mazan wasu na kawo cefane, nawa yana can yana korar ƙwai a rana."

Ban lura ba, ashe wahalar nan ce take gyara ni. Na koyi buga sabis, wato bugun buɗe wasa, rana na cikin idona. Na gane karkatacciyar raket ɗina tana jan ƙwallo hagu, sai wuyan hannuna ya saba juyawa kaɗan don ya mayar da ita hanya, har na daina tunanin abin. Kafin damina ta biyu na fara ganin inda Yaya zai buga tun bai buga ba. Abin bai yi mini daɗi ba. Sai na riƙa rage ƙarfi, ina barin wasu ƙwallayen su wuce, don mu koma gida lafiya.

Malamin ya gani. Da lokacin gasar makarantu a Ngaundare ya zo, gurbi ɗaya ya rage a motar, mu biyu kuma muke nemansa. Ya tsayar da mu a bakin raga.

"Za ku kara, wanda ya ci shi ke tafiya. Kai kuma ƙarami, na san abin da kake yi. Ka sassauta yau, ka bar mini filin nan har abada."

Ina son tafiyar, ba zan ɓoye maka ba. Na buga da gaske, na kuma ci shi a gaban 'yan ajinsa. Babu wanda ya fi ni mamakin saurin da wasan ya ƙare. Muka kamo hanyar gida yadda muka saba, yana gaba ina baya da buhun ƙwallaye. A bakin kwano ya turo mini naman gabana, na tura masa, ya sake turowa. Kaka tana kallonmu, ranar ko tsiyar ba ta yi mini ba.

Da safiyar tafiya na fito da jakata, sai na tarar da shi a zaure riƙe da sabuwar raket. Ya zare tawa daga jakar ya jingine ta a bango.

"Ba za ka shiga gaban mutane da wannan karkatacciyar ba. Riƙe tawa."

Na buɗe baki, sai Kaka ta ce daga bayana, "Hannu biyu ake sawa." Na sa hannu biyu na karɓa. A gidanmu ba a mayar wa babba kyauta, balle wannan, da na san abin da ta ci masa.

A Ngaundare raket ɗin ta yi abin da raket mai kyau take yi, ta aika ƙwallo daidai inda aka nuna mata. Hannuna ne bai sani ba. Yana ta gyara karkatar da babu ita, ƙwallo bayan ƙwallo na fita ta dama. Malamin yana ta ihu. A zagayen farko wani yaro ya fitar da ni. Na dawo cikin motar nan na jingina kai da taga, ko kukan ban iya yi ba don gajiya.

Yaya ya tare ni a ƙofar gida. "Ta yi maka daɗin hannu?"

"Ta yi, Yaya. Yaron ne ya fi ni."

Bai sake taka filin ba, ya ce jarrabawa ta matso. Ya rage daga ni sai bango, ina buga masa ƙwallo, bango kuwa ba ya zaɓar inuwa, ba ya sa ka gudu. Shekara na zagayowa ni ma na ajiye.

Yanzu an gina azuzuwa a kan filin, an sare darbejiyar, Kaka ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yana biyu suna kokawa kan nama a kwano, ƙaramin ya fizge ya gudu, ni kuwa na rasa ko in tsawata ko in ƙyale. Yaya yana Tuboro yana harkar auduga, sai da salla yake zuwa. Duk zuwansa sai ya tara yaran ya ba su labarin yadda ubansu ya je gasa da raket ɗin da ya ba shi, fuskarsa cike da fara'a. Nakan ce haka aka yi. Daga nan a kawo abinci, in naɗe hannu ina jira ya ɗauki nama.