Akwatin da Ya Rufe Dingaya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da wani ɗan akwati a fuskar kwamfuta ya hana mutanen Dingaya ruwan sha.

Lokacin ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai haƙa rijiyar burtsatse a karkara, ni ke tattara bayanai. Rijiya ɗaya ta rage a shekarar, za a zaɓa tsakanin Wurno da Dingaya. Na haɗa jadawali mai ma'auni biyu: na hagu yana nuna ruwan sama wata-wata, na dama yana nuna yaran da gudawa ta kwantar. Wurno shuɗin layi, Dingaya ja. Da rani ya yi nisa, jan layin nan sai ya miƙe sama kamar an harba shi.

Aka taru a Birnin Kudu, har da wani dattijon Dingaya da ya taso daga can yankin Gwaram a bayan babur don ya wakilci mutanensa. Ina haska majigi sai na ga ɗan akwatin da ke bayyana ma'anar kowane launi ya je ya zauna a kusurwar dama ta sama, daidai inda jan layin ya haura. Ban damu ba, don na riga na sa umarnin da zai bari a ja shi gefe. Na ɗora linzamin kwamfuta a kansa na ja. Ko gezau. Na sake ja, na danna har yatsana ya yi ciwo, yana nan daram.

Na juya na fara bayani da baki cewa a ƙarƙashin akwatin nan abin yake. Shugabanmu ya katse ni, wai baƙi na sauri, kuma abin da ido ya gani shi ne hujja. Ya nuna bango ya ce ga shi nan, layukan biyu kusan kai ɗaya suke, Wurno kuma ta fi sauƙin shiga da mota. Wannan mutumin fa, a ofishinsa na zauna na nuna masa alƙaluman tun kafin taron. Ya sani sarai.

Dattijon nan ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Malam, ni ban iya karatun zanen nan ba. Amma jikokina biyu na binne da ranin nan. Suna ciki?"

Na ce, "Suna ciki, Baba. An rufe su ne."

Shugaban ya ce a wuce batu na gaba.

Washegari na gano matsalar. Ashe ma'aunin ruwan sama shimfiɗe yake a kan na yaran kamar farar leda, shi ke tare duk wani dannawa, akwatin kuwa a na ƙasa na liƙa shi. Da na mayar da shi kan na sama, sai ga shi yana bin linzami duk inda na ja. Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Na ɗauki kwamfutar na shiga wurin shugaban, na janye akwatin a gaban idonsa. Ko kallon kirki bai yi ba, ya ce rahoto ya riga ya tafi. Na faɗa masa abin da ke raina, ban rage komai ba, kuma ban ƙarasa shekarar a wurin ba.

Ba na jin haushin mutanen Wurno, su ma suna bukatar ruwan. Na'urar ma na yafe mata, ba ta san yaro ba, ba ta san kabari ba. Abin da na koya shi ne, wanda ba ya son ganin gaskiya ba ya bukatar katanga, ɗan akwati ma ya ishe shi laɓewa. Shi ya sa yanzu ba na shiga taro sai na tabbatar ban bar wa kowa wurin ɓuya ba.