Solange Mai Kawa da Kwalbar Lahadi

A kasuwar kifi ta Nantes, a ƙasar Faransa, ba wanda bai san Solange mai sayar da kawa ba, wato naman teku mai ɓawo. Gajeriya ce, amma in ta ɗaga murya har bakin kogi ana ji. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da rumfar, kuma abu ɗaya ne ba a ja da ita a kai: farar giyar inabin da take sayowa wajen wani manomi a bayan gari. Mai araha ce, mai ɗan tsami, tana wanke gishirin kawa daga harshe. Masu kuɗi su sha tsadarsu, ita dai ta ce ba su fi ta morewa ba.

Ran Lahadin da 'yarta Maëlle ta kawo saurayinta Tanguy, direban bas, cin abinci a gida, mura ta toshe wa Solange hanci. Samarin Maëlle biyu Solange ta riga ta kora daga teburinta, wai bakinsu ya cika zaƙi. Wannan kuwa Maëlle na son sa har ranta, tsoro ya hana ta ko taɓa burodi.

Solange ta buɗe kwalba, ta fara kurɓa kamar yadda mai gida kan yi, ta zuba wa kowa. Tanguy ya shinshina, ya kurɓa, ya ajiye kofin.

"Yaya, direba? Ko sai mai tsada makogwaronka ke karɓa?"

"A gafarce ni, Madam. Toshiyar kwalbar nan ta ɓata ta. Warin jiƙaƙƙen tsumma take."

Maëlle ta take masa ƙafa. "Mama, wasa yake..."

"Yi mana shiru! Kai, a gidana, a kan teburina?"

"Irin giyar nan babana ke sha, Madam. Wallahi ba haka take ba."

Ran Solange ya ɓaci ƙwarai. Ta juya ga 'yarta. "Ke, faɗi gaskiya."

"Tun kurɓar farko na ji, Mama."

"Kika haɗiye, kika yi gum?"

Wannan ya fi mata ciwo: ashe tsoronta ya kai 'yar cikinta ta sha ruɓa ba ta ce uffan ba. Ta tuttular da kwalbar, ta ɗauko wata mai sanyi, ta tura masa ya buɗe da kansa. Ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Yauwa! Ga ta nan."

Solange ta tura masa farantin kawa. "Ci, ɗana. Ke kuma matso kusa da shi, ko kya koyi buɗe baki."