Kututturen Ayaba a Madadin Baba Dauda

Mu biyar ne a bakin murhu ran nan, a ƙauyenmu da ke bayan layin dogo na Kafanchan. Akwai Kaka, uwar babana. Akwai babana Ayuba, da Saratu matar ƙaninsa Dauda, da yayata Rifkatu mai koyon aikin malanta a Gidan Waya. Sai ni Talatu, wadda aka ba Kaka tun ina ƙarama in riƙa ɗebo mata ruwa, shi ya sa ban taɓa zama a aji ba. Baba Dauda ba ya cikinmu. Ya kai citta kasuwa ranar da gari ya rikice a 1987, bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ko kekensa ba a gani ba. Turmin da yake kifewa ya zauna yana nan kusa da wuta, ba mai hawansa.

An gama cin tuwon acca, duhu bai gama rufewa ba. Rifkatu tana bitar darasin Turancin da za ta koya wa yara.

"Hafi, anhafi. Hof, hofles."

"Ke, wa kike zagi?" in ji Kaka.

Rifkatu ta kwashe da dariya. Ta ce Turawa sukan ɗauki kalma su manna mata ɗan guntu a ka ko a wutsiya, sai ta juya. Hafi mai farin ciki ne, a sa masa "an" a gaba, farin cikin ya gudu. Hof sa rai ne, a ɗaura masa "les" a baya, babu sauran sa rai.

"In an manna, ana iya ɓamɓarewa?"

"Sai a goge allo, Kaka."

Kaka ta tura itace cikin wuta. Nan babana ya gyara murya.

"Mama, dattawa sun sake kirana. Fasto ma ya yarda zai yi addu'a. Ran Asabar a sare kututturen ayaba, a naɗe shi da zane, a binne a madadin Dauda, yadda ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. A kira shi marigayi, Saratu ta san inda ta dosa."

Saratu ta sunkuyar da kai. Kaka ko kallon ɗanta ba ta yi ba, ni ta kalla.

"Talatu, ga wata tatsuniya nan tafe, matsa mata ta zauna."

"Ta zauna, Kaka."

Wani mafarauci ne, in ji ta, ya bi ɓauna har cikin duwatsu, aka daina jin labarinsa. Mutanen gari suka gaji da jira, suka binne ayaba, suka sa masa marigayi a gaban suna. Da kakar acca sai ga shi, nama a kafaɗa. Ya yi sallama a ƙofarsa, ba a amsa ba. Matarsa dai ta ji sanyi a ƙeya, ta ja zane. 'Ya'yansa suka ratsa ta gefensa a guje. Kare ne kaɗai ya yi haushi. Wata tsohuwa makauniya ta ji numfashinsa, ta ce, "Ɗana, sun sa maka kalma a gaba." Ta tara gari ta ce su kira sunansa tsurarsa. Kowa ya buɗe baki, sai kalmar nan ta riga sunan fita. Da suka kasa cire ta, suka ƙara masa wutsiya, suka ce marigayin da ya dawo. Daga ranar, rufe ƙofa suke yi tun kafin kaji su kwanta.

"Yana nan tsaye bayan rumbu," in ji Kaka a hankali. "Naman bai ruɓe ba. Na sauke ta nan, mai kunne ya ɗauka."

Rumbunmu yana bayana. Ban waiwaya ba, amma ƙeyata ta yi sanyi.

"Mama, wannan ai tatsuniya ce," in ji babana.

"Na ce maka wa'azi ne?"

"Asabar dai. Ayabar bayan kicin za mu sare." Ya tashi ya kaɗe wandonsa.

Na daɗe ina ganin Kaka ce kaɗai mai gaskiya. Har yau ba na yarda a kira mutum marigayi a gabana sai na ji wanda ya ga ƙasa ta rufe shi, kuma yarana sun san haka. Amma da na yi aure na fara tuna fuskar Saratu. Ita ma an bar ta tsaye bayan rumbu, ba matar aure ba, ba gwauruwa ba, har ta gaji ta tafi Sabon Tasha wurin 'yan'uwanta, ba ta ƙara aure ba. Baba Dauda bai dawo ba. Kaka ta riƙe ƙofa a buɗe don ɗanta, ta rufe ta a kan surukarta, kuma ina jin ta sani. Wanne ya fi nauyi, har yanzu ban iya aunawa ba.

Washegarin tatsuniyar nan, ƙarar adda ce ta tashe ni. Na fita bayan kicin na tarar da Kaka, zane ɗaure a ƙirji, raɓa ta jiƙa ta sharkaf. Ta sare ayabar gidanmu kakaf, har da wadda ta ɗauki nono bai nuna ba. Tana datsa kowane kututture gunduwa-gunduwa, ba ta bar ko ɗaya da ya kai tsawon mutum ba. Babana ya fito ya tsaya, baki buɗe.

"Talatu," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "kwashe ki kai wa aladu."