Zoben da Haboba Ta Zana a Toka

A Nuzla, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, ba a cika ganin taurari ba. Fitilun tashar jiragen ruwa sun cinye sama, sai ɗaya ko biyu masu taurin kai. Duk da haka, a kan benen gidanmu Haboba, kakata ta wajen uba, take hura gawayinta bayan magariba. Tana soya gahawa, jikoki sun zagaye ta. Ni wurina can baya ne, jikin tankin ruwa. Ina jin Hausa sarai, amma in na buɗe baki sai Larabci ya riga ta fitowa, 'yan uwa su yi ta dariya. Sai na koyi yin shiru.

Haboba tana da ƙa'ida: ba ta fara tatsuniya sai an amsa mata. In ta ce ga ta nan, dole wani ya ce ta zo. Yayata Sumayya ce mai amsawa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai a can ƙuryar sama akwai wata tsohuwar tauraruwa mai launin garwashi, 'ya'yanta masu shuɗin haske suna manne da ita. Rannan wani baƙo ya ratsa ta tsakiyar gidan, bai yi sallama ba, bai tsaya ba. Yadda ruwa ke buɗewa in an jefa dutse a tafki, haka 'ya'yan suka watsu. Ba su ɓata ba, ba su kuma dawo ba. Suka tsaya daga nesa suka yi mata zobe, duhu a tsakani. In ta zo nan sai ta zana da tsinke a toka: ɗigo ɗaya, da'ira kewaye da shi.

"Haboba, wane ne baƙon?" in ji Sumayya.

"Wa ya gan shi? Halas, ya isa, ku sha gahawarku kafin ta huce."

Mu ma a hankali muka watse. Baffa ya samu aikin tuƙi a Abhur, ya kwashe yaransa. Gwaggo ba a sabunta mata iƙama ba, takardar izinin zama, ta koma Sudan da nata. Sumayya ta yi aure a Madina.

Wata magariba na hau bene na tarar da tabarmi a shimfiɗe, ba kowa sai Haboba. Na zauna jikin tankina. Ta ce ga ta nan. Shiru. Ta dubi inda Sumayya ke zama, ta sake faɗa a hankali. Sai na ga ta fara jawo toka tana rufe garwashin, kuma jikina ya ba ni in ta rufe shi yau ba za ta ƙara hura shi ba.

"Ta zo," na ce. "Ta zo mu ji ta."

Hannunta ya tsaya. "Au, ashe kina da baki, 'yar nan? Yalla, matso. Wutar ba ta kaiwa can."

Daga ranar ni kaɗai ce zoben nata, har Allah ya karɓe ta bara.

Kwanan baya malamar kimiyya ta haska mana hoton wani gungun taurari mai nisa: dunƙule mai launin garwashi a tsakiya, duhu, sannan zobe shuɗi. Ta ce irinsa ba su da yawa. Masana na ganin wani ƙaramin gungu ne kan ratsa tsakiyar babba ya bar shi haka, amma wannan kam an nemi wanda ya ratsa shi ba a gani ba. Ta tambaya ko akwai mai magana. Ina da ita, amma da Hausa take, kuma ba mai amsa mini a ajin.

Dā ina ɗauka tatsuniyar 'ya'yan da suka tafi ce. Yanzu na fi tunanin ta tsakiyar, wadda take ta ci kamar garwashi ita kaɗai don zoben ya san abin da yake zagayawa.

Da na dawo gida na hau bene. Murhun yana nan jikin bango. Na nemo gawayi, na kira Sumayya a waya, kafin ta gama sallama na ce mata ga ta nan.

Ta katse sallamar. Sannan ta ce, "Ta zo."