Majigin da Ya Kashe Mana Rijiya

Edita, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai ni matashin duba-gari ne, ɗan asalin Kudan, mai gajeren wandon kaki da keke da girman kan da ya fi keken nauyi. An tura ni wani ƙauye tsakanin Makarfi da Ikara, ba nisa da Gazara, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda har gobe akwai waɗanda muke gaisawa a can. An sauke ni a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ina kiranta Inna. Ita ke ba ni tuwo, ita kuma ke riƙe da jikokinta marayu da abin da 'yar gonarta ta gyaɗa ta bayar. Aikina guda ɗaya ne a garin: in raba mutane da ruwan kududdufi. Duk damina kurkunu sai ya kwantar da manoma daidai lokacin noma, kowa da ƙafa a kumbure da ɗan tsinke yana nannaɗe tsutsa. Sai da na kusa cinye tayoyin keke wajen zirga-zirga ofis kafin aka haƙa mana rijiyar siminti.

Ina da wata jaraba a lokacin, ta kallon fina-finan ban tsoro. Duk na shiga Zariya sai na leƙa sinima, kuma abin da nake nema shi ne irin fina-finan nan na tsiya, waɗanda da gani ka san masu shirin ko kuɗin fitila ba su da shi. Har yau ina musu da duk wanda ya raina su, domin wanda ba shi da kayan aiki dole ya tsorata ka da inuwa da ƙarar ƙofa, kuma wannan tsoron ya fi daɗewa a jiki. To, a gwanjon kayan wani Bature mai komawa gida na samu gwangwanin fim da zanen ƙwarangwal a kai. Ba ni da injin da zan kalla, sai na ajiye shi ƙarƙashin gado ina ɗokin ranar da zan ga abin da ke ciki.

Da aka ce motar majigi za ta zo bikin buɗe rijiya da fim ɗin tsaftar ruwa, sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum kan yi nadamarta har tsufa. Na san mutanenmu, da an fara wa'azin tsafta sai gyangyaɗi. Na roƙi mai injin majigin ya fara da na tsafta, in an gama ya saka nawa a matsayin tukuici, don kada kowa ya tashi. Ya amsa da to, yana tauna goro, hankalinsa na kan kazar da mai gari ya aiko masa. Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle, maza a gaba, tsofaffin mata da 'yan mata a baya. Na karɓi lasifika da alfahari, na sanar da jama'a cewa gwamnati ta aiko a nuna musu abin da ke zaune cikin ruwa, wanda ba a ganinsa sai ya riga ya kama mutum. Na ce kowa ya buɗe ido, domin wannan abu yana nan a garinmu.

Sai bawan Allahn nan ya saka gwangwanina tun farko. Kafin in ankara ga wata rijiyar siminti a ƙyalle, sak irin tamu har da murfi. Wata yarinya ta zo da guga, ta leƙa, wani hannu mai dogayen farata ya fito ya ja ta ciki. Ni da na saba, nan take na ga mutum ne aka rufa wa buhu, har takalmin kambas ɗinsa ana hange. Jama'a kuwa ba su tsaya duba takalmi ba. Wata mata ta kwarma ihu, aka watse, aka ture teburin mai shayi, wani ya yi tuntuɓe da wayar janareta komai ya mutu. Ina ta ihu cewa wasa ne, lasifika babu wuta. Abin da ban lissafa ba shi ne, mutanen nan ba su taɓa ganin ƙarya a majigi ba. Sun ga feshin auduga, sun ga allurar shanu, sun ga manya suna ɗaga tuta, duk gaskiya ne. Ga shi kuma da bakina na shaida musu abin yana garinsu.

Washegari ko akuya ba ta je kusa da rijiyar ba. Na ɗebo ruwan na sha a gaban kowa har cikina ya cika tam, suka ce ai dodon gwamnati ba zai taɓa ma'aikacin gwamnati ba. Na warware fim ɗin na ɗaga shi a rana ina nuna musu takalmin, wani dattijo ya ce ashe har takalmi yake sawa, to zai iya biyo mutum gida ke nan. Haushi ya sa na sa aka zura ni cikin rijiyar da igiya, na fito jage-jage da laka, yara suka ruga suna kiran iyayensu, sai ga labari har kasuwar Makarfi cewa an ga abin da tsakar rana. Liman, Allah ya saka masa, ya yi alwala da ruwan ya kuma yi nasiha, maza duk suka gyaɗa kai. Amma ai ba maza ke ɗebo ruwa ba. Tsofaffi da 'yan mata ke ɗaukar tulu, kuma su yarinya suka gani an ja.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce Inna. Na durƙusa na rantse mata da duk abin da na sani, ta ce ita ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba, shi ya sa ta riƙe maganata ta farko, wannan ta biyun kuwa ta san an sa ni ne don kada aiki ya kuɓuce mini. Ta ce kurkunu dai ta san shi tun tana yarinya, ƙafa yake kamawa ba ya jan mutum ƙasa. Ruwan da na ɗebo mata da hannuna, shuka ta riƙa ba wa. Da damina ta zagayo kurkunu ya fito mata a ƙafa biyu, ita da babban jikanta suka kwanta, ciyawa ta cinye gyaɗar. Na ga matar da ta ciyar da ni tana aika kwano gidan maƙwabta, na shiga ɗaki na yi kuka, rabi baƙin ciki rabi haushin kaina da na mai goron nan.

Sai da aka sauya mini wurin aiki, wasu 'yan mata suka taso waɗanda ba su ga majigin ba, sannan rijiyar ta fara amfani. Ban daina son waɗannan fina-finai ba, kuma laifin ba nasu ba ne. Abin da na koya shi ne, idan mutane sun yarda da kai, to bakinka ya fi dodon buhu haɗari. Ina jan kunnen duk mai riƙe da lasifika, malami ne ko ma'aikaci ko mai tura wa jama'a abu a waya: kada ka nuna abin da ba ka fara kalla ba, kada kuma ka haɗa wasa da gargaɗi a zama ɗaya, don ba a janye tsoro kamar yadda ake janye magana. Inna ta yafe mini tun da daɗewa. Amma ranar da na je duba ta a ciwon ajali, na miƙa mata moɗa, sai da ta riƙe hannuna ta tambaye ni daga ina aka ɗebo.