Batirin Gingimari a Kekena

Shan inna ya cinye mini ƙafafu tun ban san kaina ba, don haka abin da mutane ke yi da ƙafa, ni da hannu na saba yin sa. Kekena mai ƙafa uku ne, irin wanda ake murza fedarsa da hannu, da shi nake zuwa teburina na gyaran agogo a Bunguɗu in dawo. Ranar da na fara hawansa na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara jan jiki a ƙasa a gaban mutane ba. Na gaji da kallon gwiwoyin jama'a.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, yayana, wanda direban babbar mota ne mai ɗaukar hatsi daga Tsafe, ya zo da wata magana. Wai akwai wani mai gyaran wutar mota a Gusau da ke ɗaura wa keke irin nawa injin waifa, wato abin share gilashin mota, da batir, ka zauna kamar hakimi, keke na tafiya da kansa. Yayana mutum ne da in ya ga kantar da ke tafin hannuna sai ya kau da kai. In ya so ka, to sai ka yi haƙuri da son, don ba ya tambayar ka yadda kake buƙatarsa.

Muka ɗora keken a bayan motarsa muka tafi. Mai gyaran dattijo ne, mutumin kudu, amma ya daɗe a Gusau har Hausarsa ta fi tawa. Ya nuna mana batirin ƙaramar mota, ya ce wannan zai shige ƙarƙashin kujera, ya kai ni cikin gari ya dawo da ni, in ya mutu in murza da hannu. Yayana ya yi tsaki, ya je mota ya kinkimo wani ƙaton batirin gingimari da ya samo a Tsafe, yana nishi.

"Wanga za a sa mai," in ji shi. "Ƙanena ba ya hawan abin wasan yara."

Dattijon ya auna da ido. "Zai kai shi nesa, ba shakka. Amma ba ya shiga ƙarƙashin kujera, sai dai a gaba. In an sa shi a gaba kuwa, feda da sarƙa sai sun fita."

"A hidda su. Mi za ya yi da su kuma?"

Na ce, "Yaya, hannuwan nan hwa su ne ƙahwahuna."

"Sun yi aiki ya isa. Bari su huta."

Ina kallo aka kwance fedar. Yayana ya jefa ta cikin motarsa kamar tsohon takalmi.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin keken. Yara na bi na da gudu, tsofaffi na salati. Amma kullum hannuwana na kan cinya ba su san abin yi ba, kunnena kuwa na kan kukan injin. In ya ɗan canja murya sai in ƙara kasa kunne.

Da damina ta yi nisa, wani mutumin Rawayya ya aiko in je in duba masa agogon bango. Da can ba na zuwa wurare irin wannan sai an ɗauke ni. Na kai batir aka yi masa caji, na kama hanya bayan azahar, ni kaɗai, ina jin kaina.

A hanyar akwai wata korama mai faɗi, wadda in ba a yi ruwa ba yashi ne zalla. Da na iso, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, amma inda nake ko ɗigo babu. Na ce bari in tsallake kafin ya iso. Na kai tsakiya ke nan sai ƙafar gaba ta nutse, don duk nauyin batirin a kanta yake. Injin ya yi gurnani, ƙafar baya na tonon yashi. Na ƙara danna makunnin, na sake dannawa. Sai na ji ƙaurin wayar wuta, inji ya yi shiru.

Hannuwana suka kai gaba da kansu suna neman feda. Batir suka taɓa.

Na yi kira, ba kowa. Daga nan na fara jin wani sauti daga sama da koramar, kamar ana zazzage buhunan gero. Duk ɗan ƙauye ya san wannan sautin: an yi ruwa a gabas, ga shi nan tafe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, addu'ar da na haddace tun ina yaro ta ɓace mini. Can a gaɓar da na nufa sai ga wasu matan Fulani masu tallar nono sun ɓullo, suna ɗaga mini hannu suna ihu in fito.

In fito da me? Wallahi, ruwa na zuwa, amma sai da na tsaya ina jin kunyarsu.

Ruwan farko ya zo ja, da kumfa da karare, ya taɓa ƙafafun keken. Na saki jiki na faɗo. Na ja jiki a kan yashi, hannu bayan hannu, ruwa ya kawo mini ƙugu, ya kawo ƙirji, yana jan ƙafafuna gefe kamar tsumma. Ina kuka, ina haɗiyar laka. Wata dattijuwa cikinsu ta kwance zanen da ta yi gammo da shi ta wurgo mini, suka taru suka ja ni sama.

Ina kwance ina kakarin amai aka tsuge da ruwa. Suka ja ni gindin wata tsamiya, muka fake. Keken bai tafi ba, nauyin batirin ya riƙe shi a tsakiyar korama, kujerarsa kaɗai ake gani.

Ruwan sama ya tsagaita, sai na hango yayana a ɗaya gaɓar a kan keken aro. Ashe innarmu ce ta tura shi bi na da ta ga hadari. Bai gan ni ba. Kujerar ya gani, ba kowa a kanta. Ya yar da keken, ya faɗa ruwan da rigarsa, yana laluben ƙarƙashin kekena, yana nutsewa yana tasowa, yana kiran sunana da wata murya da ban san yana da ita ba. Na ƙwala masa kira.

"Yaya! Ga ni nan!"

Ya tsaya cikin ruwa har wuya yana kallo na. Ya hauro. Ya durƙusa, ya kama tafukan hannuna da yashi ya ɗaye, ya daɗe yana duban su. Wannan karon bai kau da kai ba.

"Fedar na nan cikin mota," ya ce. "Ban yas da ita ba."