Oba-obar Ardo da Man Kafinta

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da daminar da na gyara wa wani Ardo oba-oba.

Lokacin ina da shagon gyaran rediyo a Karaye. Wata rana da hantsi Ardon wata ruga ta wajen Gwangwan ya zo da oba-oba guda biyu. Da su makiyayansa ke magana da gida, don a dajin da suke kiwo waya ba ta kamawa. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ɗayar nan ta daina magana tun da ruwa ya sauka."

Na buɗe ta. Danshi ya shiga, siraran layukan tagullar da ke kan allon cikinta sun yi kore. Na goge, na gyara, ta tashi. Sai dabara ta zo mini. Na san akwai wani ruwa na musamman da ake shafa wa irin wannan allo don ya hana laima taɓa shi, amma sai a Kano ake samu. Na leƙa wurin maƙwabcina kafinta, na ɗebo man da yake shafa wa katako ya yi ƙyalli, na lafta wa allon ko'ina, har gindin eriya. Muka gwada, ni a cikin shago, Ardo a bakin titi. Murya ras! A ranar ji nake babu gwani kamata.

Bayan mako biyu Ardo ya dawo. Ya zauna a benci, ya ba ni labari. Ashe maciji ne ya sari ƙanensa a wurin kiwo da rana tsaka. Abokin kiwonsa ya yi ta kiran gida a kawo babur, ba a jin komai sai shuuu. A kafaɗa ya ɗauko shi har ruga. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

"Ban zo faɗa ba, Malam," in ji shi. "Tambaya ɗaya ce. Ka gwada ta daga nesa?"

Na ce a'a, na karɓi oba-obar daga hannunsa.

Washegari na tafi Rogo wurin tsohon da ya koya mini aiki. Ya juya allon a hannunsa, ya ƙwarzane man da farce.

"Baba, danshi na so in tare," na ce.

"Ka tare danshi, ka tare magana. Wannan allo ba irin sauran ba ne, ɗan abu kaɗan ke karkatar da saƙon da yake aikawa."

Ya nuna mini yadda ake yi. A busar da allon sarai, don kada a kulle laima a ciki. A rufe gindin eriya da bakin soket da salatif. Sannan a shafa ruwan ainihi, siriri ƙwarai, a bari ya bushe.

Na sa sabon allo na yi haka. Na hau babur na yi nisa cikin gonaki, Ardo yana ruga, sai da na ji muryarsa tangaram sannan na juyo.

Ƙanen nasa har yau da sanda yake tafiya, kuma yakan gaishe ni da fara'a in mun haɗu a kasuwa. Gaisuwar nan ta fi zagi yi mini nauyi. Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani. In ban san abu ba, yanzu tambaya nake yi, kuma a inda mutum zai dogara da aikina, a can nake gwada shi.